Mangalar Keke: A Ɗinka a Gida ko a Sayi ta Kanti?

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kekunan da suka shekara da shekaru a jingine a zaure suka fara dawowa kan titi. Nawa na cikinsu. Tsohon Raleigh ne na mahaifina, mai birkin ƙarfe da ƙafa inci 28. Na kai shi aka sake masa taya da tif, aka zuba wa sarƙa mai, na ajiye mashin na koma taka feda zuwa makarantar da nake koyarwa. Tafiyar kanta ba ta dame ni ba, kaya ne suka zame mini alaƙaƙai. Da safe littattafan ɗalibai ne da na tafi da su gida don dubawa, da yamma kuma cefane. In na goya jaka a baya, kafin in isa rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. In na ɗaure kayan a kariya da robar tif, tumatir ya fashe, littattafai su lanƙwashe, kuma duk ramin da na faɗa sai na miƙa hannu baya in laluba in ji ko suna nan.

Maganin wannan tsoho ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga jaki da mangala: aljihu biyu a haɗe, an aza su a kan akumari, ɗaya na rataye ta dama ɗaya ta hagu, an cika su da taki za a kai gona, ko da ƙasar gini. Nauyi ya sauka ƙasa, ya rabu gida biyu, jaki na tafiyarsa ba tangaɗi. Turawa ma daga dabba suka ɗauko dabarar suka mayar kan keke, kuma kalmar da Ingilishi ke kiran irin wannan jaka da ita daga Faransanci ta fito, asalinta kwandon burodi. Saboda haka ban sha wahalar gane abin da nake bukata ba. Abin da ya rage shi ne inda zan samo shi, kuma a nan ne na faɗa tsakanin mutum biyu da nake ganin girmansu, kowannensu da hujja mai ƙarfi: wani dattijon tela maƙwabcina, da mai gyaran keken da ke bakin layinmu.

Telan bai ma bari na gama bayani ba. Ya ce, "Malam, wannan ai aikin wuni ɗaya ne. Kawo tamfol, ka bar mini sauran." Shi da masu ra'ayi irin nasa da kuɗi suke fara buɗe baki, kuma ba a iya kawar da kai daga hujjar. Jaka biyu na fitaccen kamfanin nan na Jamus, Ortlieb, masu cin lita 40 a haɗe, kuɗinsu ya haura Yuro 100. A canjin 2024 wannan ya zarce ninki biyu na mafi ƙarancin albashi, wato Naira 70,000 da aka amince da ita a shekarar, ban da kuɗin kawowa. Mutumin da tsadar mai ta sauke daga mashin ba zai sayi jakar da ta fi kekensa tsada ba. Kayan ɗinkin kuwa ga su birjik a gari. Tsohon tamfol ɗin babbar mota yana nan. Manyan hotunan 'yan siyasa da ake kafawa a kan titi, in zaɓe ya wuce, robarsu mai kauri ce, ruwa ba ya ratsa ta. Bel ɗin kujerar mota da ake cirowa daga motocin da suka mutu ya fi duk wata igiyar da za ka saya ƙarfi. In kuma mutum na son fata, dukawan Ƙofar Wambai da na Kasuwar Kurmi a nan Kano sun gaji ɗinkin burgami da taiki tun kaka da kakanni.

Hujja ta biyu ta fi ta kuɗin kama ni, wato gyara. Abin da aka ɗinka a unguwa, a unguwa ake gyara shi. In ɗinki ya farke, basilla da zare sun isa. Jakar kanti kuwa ƙugiyoyinta na roba ne da aka zuba a injin, ranar da ɗaya ta karye sai ka jira wanda zai zo daga Turai. Ga kuma dacewa da keken kansa. An auna ƙugiyoyin jakunkunan waje ne da siririn bututun kariyar kekunan zamani, alhali kariyar Raleigh da Phoenix da Hero da muke hawa faffaɗan ƙarfe ce mai kauri, wata ma mai walda ne ya ƙera ta yadda ya ga dama. Wanda ya ɗinka da kansa zai auna kariyarsa, ya auna abin da yake ɗauka, ya yanka daidai.

Akwai abin da telan bai sani ba, da ya sani da ya ƙara ɗaga murya. Manyan sunayen da ake tinƙaho da su a wannan sana'a a ɗaki suka fara. A garin Nelson da ke Lancashire a Ingila, Wilf Carradice ya ɗinka wa kansa jakar da ake ratayawa a bayan sirdi a farkon shekarun 1930, abokan hawansa suka gani suka nema, daga nan ta zama kamfani. Yadin da aka san su da shi auduga ce mai matsattsiyar saƙa, wadda in ta jiƙe zarenta ke kumbura ya toshe kafofin. Shi kuwa Hartmut Ortlieb ruwan sama ne ya jiƙa masa kaya a wata tafiya da ya yi a kan keke a Ingila, ya lura cewa kayan da ke cikin manyan motoci a bushe suke saboda tamfol. Da ya koma gida Nuremberg sai ya zauna a kan keken ɗinkin mahaifiyarsa ya haɗa jaka da tamfol ɗin mota, ya kafa kamfani a 1982. Tamfol ɗin da telanmu ya ce in kawo, shi ne dai tushen jakar da ake sayarwa Yuro ɗari da ɗoriya.

Mai gyaran keke ya saurari duk wannan yana ɗaure noti, bai ce uffan ba sai da na gama. Sannan ya nuna mini wata ƙafar baya da ke rataye a rumfarsa, rim ya karkace, sifok kusan shida sun tsinke. Ya ce, "Malam, mai wannan buhu ya rataya. Buhun ya shiga ƙafa yana cikin gudu. Shi kansa yana gida da karaya a kafaɗa." A ganinsa, tela ya san yadi amma bai san keke ba. Jakar kanti ta kirki an gwada ta, an jijjiga ta a injin, an san nauyin da za ta ɗauka. Bayanta na da tauri, ƙugiyoyinta na sama suna kulle kansu a jikin kariya, ta ƙasa kuma tana riƙe ta kada ta yi lilo. Ita kanta kariyar a Turai akan buga mata iyakar nauyinta a jiki, galibi kilo 25, bisa wani ma'auni na duniya mai lamba ISO 11243. Ta gida kuwa ba wanda ya gwada ta sai kai, kuma a kan titi za ka yi gwajin, tsakanin 'yan adaidaita sahu da tirela.

Ya ƙara da maganar ruwa. Duk inda allura ta bi ta bar rami, ramin kuma hanyar ruwa ce. Shi ya sa Ortlieb ba sa ɗinka jikin jakunkunansu, narka robar suke su liƙe ta da injin, bakin kuma a naɗe shi sau uku a ɗaure. Ba telan da ke da wannan injin. Sannan ya taɓo abin da masu son na gida ba su cika lissafawa ba: in ka ɗinka sau uku kafin ka dace, ka sayi tamfol sau uku, ka biya tela sau uku, ka gyara ƙafa sau ɗaya, ina arahar? Araha ba ta ado, in ji shi, a kan keke kuma ba ta tsaya ga rashin ado ba.

Ban ji maganarsa ba. Na samo tamfol, telan ya ɗinka mini mangala sak irin ta jaki, aljihu biyu masu kusurwa huɗu da shimfiɗa a tsakani, ɗinki mai kyau, layi biyu. Na aza ta a kariya na ɗaure tsakiyar da roba. Tun fedar farko diddigena ya riƙa bugun jakar, sai na ja ta baya, nauyin ya wuce tsakiyar ƙafa, kan keken ya fara rawa. A rana ta huɗu ina dawowa da kwano biyu na masara a hagu, littattafai a dama, na kauce wa wani rami. Gefen hagu ya yi lilo, kusurwar ƙasa ta shige cikin sifok. Na ji ƙara kamar an yaga zane, ƙafar baya ta kafe cak, keken ya ja ni gefe har na dafa ƙasa da gwiwa da tafin hannu. Allah ya taƙaita ba mota a bayana. Sifok uku suka tsinke, masara ta watse a kwalta, wasu yara suka taya ni tsincewa. Na turo keken har rumfar mai gyara. Bai ce ai na faɗa maka ba. Kujera ya miƙo mini, ya ce in wanke ciwon tukuna.

A zaman nan ne, ina kallonsa yana zare sifok ɗin da suka mutu, na gane inda mu biyu da telan muka yi kuskure. Mun ɗauki keke tamkar jaki. Jaki yana da haƙarƙari da ciki, su ne ke tokare mangala su ture ta waje, kuma babu wani abu da ke juyawa a ƙarƙashinta. Keke kuwa a ƙasan kariyarsa fili ne, sai ƙarfe ɗaya ko biyu da suka sauka zuwa notin ƙafa, bayansu kuma wayoyi 40 ne ke juyawa a tsohon Raleigh irin nawa, suna jiran duk abin da ya leƙo. Jaka mai laushi in an cika ta kumbura take ta kowane gefe, har da gefen da ke kallon ƙafa. Ashe duk gardamar da ake yi a kan yadi da ɗinki, ba a taɓa zuciyar maganar ba. Abin da masu kamfani ke sayarwa da tsada ba tamfol ba ne, haƙarƙarin da suka yi wa jakar ne da kuma yadda take kama keke.

Da na faɗa wa mai gyaran haka, ya ce to yanzu za a iya magana. Mangala ta biyu mu uku muka yi ta. Shi ya fara, ya kai keken wurin mai walda aka ƙara wa kariya siririn rodi a kowane gefe, an lanƙwasa shi ya sauko daga bayan kariya ya haɗu da ƙarfen da ke zuwa noti, ya zama shinge tsakanin jaka da ƙafa. Sannan muka samo tsohuwar jarkar man gyaɗa mai lita 25, muka yanke faffaɗan gefunanta biyu da zarto, muka goge bakin da fayil don kada ya ci tamfol. Telan ya ɗinka wa kowace jaka aljihu a bayanta aka zura farantin robar a ciki. Kafin ya sa almakashi kuwa, sai da mai gyaran ya sa na hau keken na ɗora ƙafa a feda da takalmin da nake zuwa aiki da shi, ya juya fedar baya a hankali, ya riƙa kwali a gefen kariya yana zana inda diddige ke wucewa. Ya bar tazarar yatsu uku, aka yanke kusurwar gaba ta ƙasa a karkace. Wannan yankan shi ne dalilin da ya sa jakunkunan kanti ba su cika zama masu kusurwa huɗu ba, na sha ganinsu a hoto ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Ɗaurin shi ne ya fi cin lokaci. Ƙa'idar mai gyaran ita ce kowace jaka ta kama keke a wuri uku, biyu a sama ɗaya a ƙasa. A sama muka yi amfani da bel ɗin mota, an huda shi tare da tamfol da farantin roba an ɗaure da ƙananan noti, da faffaɗan washa ciki da waje don kada ramin ya yage, sannan bel ɗin ya zagaye ƙarfen kariya gaba da baya. A ƙasa kuma robar tif ce mai ƙugiyar waya, tana jan jakar ƙasa ta maƙale kusa da notin ƙafa. Ya ce in girgiza keken da ƙarfi. Jakar ba ta motsa ba sai tare da shi. Duk wata igiya da ta rage tana reto, ya sa wuƙa ya datse.

A kan maganar ruwa kuwa ina ganin telan ya fi gaskiya, ko da yake ba ta hanyar da ya zata ba. An ƙera jakunkunan Turai ne don ƙasashen da ruwa ke sauka a kowane wata. Mu a Kano ruwanmu mai ƙarfi daga Yuni ne zuwa Satumba, ya fi tsanani a Agusta, sauran shekarar rana ce da ƙura. Ramukan allura na shafe su da gam ta ciki, littattafai kuma ina sa su a leda in hadari ya haɗu, shi ke nan. Maƙiyan jaka a nan su ne rana da hunturu. Rana na cinye buhun taki da na shinkafa, bayan 'yan watanni ka taɓa shi ya zama gari, don haka duk wanda ya ce a yi mangalar keke da buhu ban goyi bayansa ba ko da kyauta ne. Ƙura kuma tana kashe zif, shi ya sa muka yi murfi mai faɗi da ke rufowa a ɗaure da bel. A Holan ma, inda keke ya zama ƙafar kowa, jakar cefanen da aka fi gani irin mangala ce ta tamfol mai murfi, a ɗaure take a keke dare da rana.

Akwai inda ba na tare da masu son na gida ko kaɗan, shi ne inda suke ɗaukar ƙarfin jaka a matsayin izinin lodi. Sukan kawo labarin Biyetnam, inda a yaƙin Dien Bien Phu na 1954 aka yi jigilar shinkafa da harsasai a kan kekuna, kowane na ɗauke da kilo 200 ko fiye. Gaskiya ne an yi. Amma waɗannan kekunan an ƙarfafa su da itace da ƙarfe, an ɗaura wa kansu sandar gora don tuƙi, kuma turawa ake yi a ƙasa, ba wanda ya hau. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke rarrabawa a wasu ƙasashen Afirka, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, amma don haka aka ƙera shi tun daga firam har sifok. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka biyu masu lita 25 kilo 50 ke nan, a kan birkin ƙarfe da rim ɗin da in ya jiƙe ba ya kamawa. Mangala mai kyau tana ɓoye nauyi, ba ka jin sa kana tafiya, sai ranar da yaro ya ɓullo daga lungu ka matse birki keken ya ƙi tsayawa. Ni dai na yanke wa kaina kada kayan su wuce abin da zan iya ɗagawa da hannu ɗaya a kowane gefe, kuma in raba su daidai gwargwado, mai nauyi a ƙasa.

Haka nan akwai inda jakar kanti ta yi mana nisa, kuma ban ga amfanin musu ba. Takan fita daga keke da ɗagawa ɗaya, ka shiga ofis da ita a hannu. Tawa a ɗaure take, kwance ta aikin minti biyar ne, don haka in na tsaya a kasuwa sai na kwashe abin da ke ciki ko in bar wa mai gadi amana. Ta kuma fi tawa sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Wanda zai yi tafiyar makonni a kan keke a cikin damina, da kwamfuta ko kyamara a jaka, in yana da hali ya sayi ta ƙwarai, ba zan hana shi ba. Abin da ba na so shi ne na tsakiyar nan, jakunkunan leda masu ƙyalli da ake shigowa da su da araha, ba tauri a baya, ƙugiya siririya, zif ko'ina. Sun haɗa tsadar kanti da haɗarin mangalata ta farko.

Ga malamin makaranta, da mai kai burodi shaguna, da manomin da ke kai kayan miya kasuwar ƙauye, hukuncina ya karkata ga a ɗinka a gida, da sharaɗi guda wanda ba na sassautawa: kada tela ya yi aikin shi kaɗai. A fara daga rumfar mai gyaran keke, a yi shingen rodi, a sa tauri a baya, a auna diddige, a ɗaure wuri uku. Wanda ba zai yi waɗannan ba, gara ya ci gaba da ɗaure kayansa a saman kariya da roba, don tumatir ɗin da ya fashe ya fi kafaɗar da ta karye sauƙi. Abin da ke ba ni takaici shi ne masu wannan ilimi duk suna layi ɗaya, tela da mai walda da baduku da mai gyara, tsakaninsu bai fi taku hamsin ba, amma ban taɓa ganin sun haɗu sun fitar da mangalar keke ta sayarwa ba, alhali masu hawa sun ƙaru.

Mangalar tawa ta ga damina biyu yanzu. Tamfol ɗin ya koɗe, ɗinkin telan ko zare ɗaya bai saki ba. Robar ƙasa ce kawai rana ke busarwa ta tsattsage, nakan sake ta duk bayan wata uku ko huɗu, kuma mai gyaran ne ke fara hango ta tsufa kafin ni. Har yau in na tsaya shan iskar taya sai ya zagaya baya, ya kama jakar ya girgiza, ya zura yatsu tsakaninta da sifok. Makon jiya ya ce notin sama na hagu ya fara cin rami, in kawo keken ranar Asabar a sa masa washa mafi faɗi.